Tace Shuɗin Haske, Sayen Tabarau ko Ajiye Waya: Wanne Ya Fi Ceton Barcin Dare?

A tsakiyar sanyin watan Disamba da ya wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na fito tsakar gida a gidanmu da ke Unguwar Rogo a Jos, unguwar duk ta yi duhu domin an ɗauke wuta tun bayan Isha'i, sai na hango wani haske ruwan ɗorawa yana tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin samari. Da na tura ƙofar, sai na iske ɗan yayata, wanda yake aji biyu a jami'a, ya ƙudundune cikin bargo har ka, bargon kuwa yana haske daga ciki kamar an kifa kwando a kan fitila. Na ce masa, "Kai yaro, ba ka san dare ya raba ba?" Ya leƙo da kai ya ce, "Kawu, ka kwantar da hankalinka, ai na kunna abin da yake tace shuɗin hasken nan, wannan ba ya hana barci." Ya miƙo mini wayar na duba, kuma gaskiya ne fuskarta ta koma ruwan ɗorawa. Amma da Asuba sai da aka buga masa ƙofa sau uku kafin ya fito, idanu jajur, daga baya kuma shi da bakinsa ya gaya mini cewa da gyangyaɗi ya yi darasin safe.

Amsar da ya ba ni ita ta sa na zauna na bi diddigin lamarin, domin na lura mutane da yawa sun dogara da wannan saiti guda ɗaya, suna ganin da zarar an kunna shi to an sami izinin raba dare a kan waya. Wasu kuma sun wuce nan, sun kashe kuɗi a kan tabarau da aka ce yana tare hasken. Hanyoyin da ake magana a kansu suna da yawa: a canza launin fuskar waya, a rage ƙarfin haskenta, a mayar da bayan rubutu baƙi, a sa tabarau, a canza ƙwan lantarkin ɗaki, a sa wayar ta riƙa katse mutum da kanta idan lokaci ya yi, ko a ajiye ta gaba ɗaya. Ba ɗaya suke ba wajen amfani, kuma abin da ya fi damuna shi ne wadda ta fi suna a cikinsu tana daga cikin waɗanda suka fi rauni.

Kafin a kwatanta su, dole a fahimci yadda haske yake taɓa barci. A can bayan ido akwai wani siririn tantani da haske yake sauka a kansa. An daɗe da sanin ƙwayoyi iri biyu masu aikin gani a cikinsa, amma a shekarar 2002 David Berson da abokan aikinsa a Jami'ar Brown ta Amurka suka tabbatar da iri na uku, waɗanda babban aikinsu shi ne auna yawan hasken da ke kewaye da mutum, su kai rahoto ga wani ɗan gungun jijiyoyi a cikin ƙwaƙwalwa wanda shi ne agogon jiki. Sinadarin da ke cikin waɗannan ƙwayoyi, mai suna melanofsin, ya fi jin haske mai zangon da ya kai kimanin nanomita 480, wato shuɗi irin na sararin sama. Idan duhu ya shiga, agogon jiki yakan ba da umarni a fara sakin sinadarin melatonin, wanda shi ne yake shaida wa sassan jiki cewa dare ya yi. Idan kuwa haske ya ci gaba da shiga ido, sai a jinkirta sakinsa, agogon ya matsa gaba, mutum ya kwanta ido biyu, da safe kuma ya tashi jikinsa yana ganin har yanzu dare ne. Agogon yawancin mutane ya ɗan zarce awa 24 kaɗan, shi ya sa kullum yake bukatar haske ya daidaita masa lokaci.

Binciken da ya tayar da hankalin duniya a kan wannan batu an wallafa shi ne a farkon 2015. Anne-Marie Chang da abokan aikinta a wani asibitin koyarwa da ke Boston suka sa mutum 12 karatu a iPad na tsawon awa huɗu kafin barci, dare biyar a jere, sannan suka kwatanta da dare biyar na karatun littafin takarda. A dararen iPad melatonin ya ragu da fiye da rabi, agogon jiki ya matsa da kusan awa ɗaya da rabi, kuma mutanen sun tashi da kasala. To amma akwai abubuwan da ba a cika faɗa ba idan ana kawo labarin: an ƙure hasken na'urar har ƙarshe, an yi awa huɗu cur ana kallonta, mutanen kuma a ɗakin gwaji suke yini ba sa fita rana. Duk da haka jinkirin da aka samu wajen ɗaukewar barci kimanin minti 10 ne kawai. A 2024 wasu masana barci, ciki har da Michael Gradisar na Ostareliya, suka tattara gwaje-gwaje irin wannan, suka ga cewa jinkirin da hasken fuskar na'ura shi kaɗai yake jawowa bai wuce wannan minti goman ba. Ɗan yayata kuwa ba minti 10 ya rasa ba, awa uku ya rasa. Wannan giɓi da ke tsakanin minti goma da awa uku shi ne ma'aunin da na auna kowace hanya da shi.

Mu fara da matatar shuɗin haske, tunda ita ce kowa ya sani. Wata manhajar kwamfuta mai suna f.lux ce ta yaɗa dabarar tun 2009. Apple ya shigar da ita cikin iPhone a watan Maris na 2016 da sunan Night Shift, Google ya biyo baya a ƙarshen shekarar da Night Light, Windows ma ta samu tata a 2017. A wayoyin Samsung ana kiranta Eye comfort shield, a Tecno da Infinix Eye Care, a Redmi kuma Reading mode, kuma kusan duk a sashen Display ake samunta. Aikinta shi ne rage shuɗin da ke cikin farin haske, shi ya sa fuskar wayar take komawa ruwan ɗorawa ko ruwan zuma. A tunani dabarar ta yi daidai da ilimin da muka bayyana, sai dai da aka gwada ta a kan mutane sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba. A 2021 Chad Jensen da abokan aikinsa a Jami'ar Brigham Young ta Amurka suka raba matasa 167, 'yan shekara 18 zuwa 24, gida uku: masu amfani da waya da Night Shift a kunne, masu amfani da ita a kashe, da waɗanda ba su taɓa waya ba awa ɗaya kafin barci. Bayan dare bakwai ana auna barcinsu da na'urar ɗaurawa a hannu, ba a ga bambanci tsakanin masu kunnawa da masu kashewa ba. A cikin waɗanda suke samun kusan awa bakwai na barci, waɗanda suka ajiye wayar ne suka fi kowa barci mai inganci. Kafin nan, a 2019, wata cibiyar binciken haske da ke Rensselaer a jihar New York ta nuna cewa canza launin fuskar iPad ba tare da rage ƙarfin haskenta ba bai hana melatonin raguwa ba.

Wannan ba ya nufin a kashe ta. Kyauta ce, ba ta cutarwa, kuma mutane da yawa suna jin idonsu ya fi sakewa da ita a cikin duhu. A nan Jos rana takan faɗi ne tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura duk tsawon shekara, saboda haka zaɓin da yake kunna ta daga faɗuwar rana zuwa fitowarta ya wadatar, ba sai an riƙa gyara lokaci ba. Aibinta ɗaya da ya shafe mu kai tsaye shi ne ɓata launi. Matar da take zaɓen atamfa ko leshi daga hotunan da 'yar kasuwa ta ɗora a WhatsApp da dare, ko telan da ake turo masa samfurin ɗinki, su kashe ta na ɗan lokaci kafin su yanke shawara, domin fari yakan koma ruwan madara, shuɗi kuma ya dushe. Amma wanda ya ɗauke ta a matsayin maganin rashin barci ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Rage ƙarfin haske ya fi matatar tasiri, kuma a nan ne yanayinmu ya bambanta da na waɗanda suka yi yawancin binciken. Mu sau da yawa a cikin baƙin duhu muke danna waya, saboda an ɗauke wuta ko kuma don kada a tashi wanda ke kwance a gefe. A cikin duhu ƙwayar ido takan buɗe sosai, hasken da ke shiga ya ƙaru, ga wayar kuma a dab da hanci. Ana auna hasken da ke sauka a wuri da ma'aunin da ake kira luks; kyandir guda a tazarar mita ɗaya yana ba da kimanin luks ɗaya, ofis mai haske yana da 300 zuwa 500, tsakar rana kuwa tana iya kaiwa 100,000. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Monash ta Ostareliya a 2019 ya gano cewa a matsakaici hasken da bai kai luks 30 ba ya isa ya rage melatonin da rabi idan an daɗe a cikinsa da dare. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne bambancin da ke tsakanin mutane ya haura ninki 50: wani luks 6 ya ishe shi, wani sai an kai 350. Saboda haka idan abokinka ya ce shi yana kallo har ƙarfe sha biyu kuma yana ajiye wayar barci yake ɗauke shi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma jikinsa ba naka ba ne.

A aikace, abin da ake so shi ne a ja ma'aunin hasken ƙasa har inda za a iya karatu ba tare da matse ido ba. Idan mafi ƙarancinsa ma ya yi yawa a cikin duhu, wayoyi da dama masu Android 12 zuwa sama suna da wani saiti mai suna Extra dim a sashen Accessibility, iPhone kuma tana da Reduce White Point a wannan sashe, duka biyun suna dusashe fuskar fiye da inda ma'aunin ya tsaya. Sannan a nesanta wayar daga fuska, domin idan tazara ta ninka, hasken da ke isa ido yakan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin da ya sa kenan talabijin da ke can ƙarshen falo ba ta kai wayar da ke cikin bargo zuba haske a ido ba, duk da girmanta.

Mayar da bayan rubutu baƙi, wanda ya shigo iPhone da Android a 2019, ɗan'uwan rage haske ne, kuma yana taimakawa ga mai karanta saƙonni ko dogon rubutu. A wayoyi masu fuskar AMOLED wurin da ya yi baƙi a kashe yake ɗungurungum, a masu LCD kuwa, waɗanda su ne yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi a kasuwanninmu, fitilar da ke bayan fuskar tana nan a kunne, ko da yake abin da ke isowa ido ya ragu. Ga mai kallon bidiyo ba shi da wani amfani, domin hoton yadda yake haka zai fito.

Tabarau shi ne wanda ake biya, don haka shi ya fi bukatar a yi masa tankaɗe da rairaya. Iri biyu ne. Akwai mai farin gilashi wanda ake yawan tallatawa a shaguna da intanet, wanda yawanci kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na shuɗin haske yake tarewa. A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace sakamakon binciken lafiya, ta wallafa nazarin gwaje-gwaje 17 ƙarƙashin jagorancin Laura Downie ta Jami'ar Melbourne, inda ba a sami hujjar cewa irin wannan gilashi yana rage gajiyar ido ba, sakamakonsa a kan barci kuma ya saɓa wa juna daga gwaji zuwa gwaji. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar a saye shi. Akwai kuma mai gilashi ruwan goro mai duhu, wanda yake tare mafi yawan shuɗin. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Columbia a kan mutum 14 masu fama da rashin barci ya nuna sun sami ƙarin kusan rabin awa bayan sun riƙa sa shi awa biyu kafin kwanciya. Fifikonsa a kan saitin waya shi ne yana tare hasken ɗakin gaba ɗaya, ba na wayar kaɗai ba. Duk da haka ra'ayina shi ne mai lafiya kada ya fara da tabarau. Idan idonka yana yaji ko kanka yana ciwo bayan dogon kallo, ka je a auna maka ido, domin sau da yawa rashin ƙifta ido ne ko kuma bukatar gilashin gyaran gani, musamman a lokacin hunturu da ƙura da bushewar iska suke ƙara wa ido wahala.

Akwai wani abu da ba kasafai ake sa shi cikin lissafi ba, alhali a ɗakuna da yawa ya fi wayar zuba haske: ƙwan lantarki da fitilar caji. Tun da ƙwayayen LED suka mamaye kasuwa, yawancin gidajenmu fari-fat muke saya, domin muna ganin shi ne haske na gaske. A jikin kwalin ana rubuta wata lamba: 6500K shi ne farin da ya karkata zuwa shuɗi, 2700K kuma shi ne mai ɗumi irin na tsohon ƙwai. Fitilun caji da muke kunnawa idan an ɗauke wuta kusan duk farin farko ne, kuma sau da yawa a kan tebur ake ajiye su suna kallon ido kai tsaye. A 2022 wasu manyan masana haske da barci suka fitar da shawara ta bai ɗaya, bisa wani ma'auni na musamman da yake auna yadda haske ke taɓa agogon jiki: da rana a sami aƙalla 250, awa uku kafin barci kada ya wuce 10, lokacin barci kuma kada ya wuce 1. Ba sai mutum ya mallaki na'urar awo ba kafin ya gane saƙon. Idan akwai kuɗin da za a kashe, gara a sayi ƙwai mai ɗumi mara ƙarfi a sa a ɗakin kwana, a kuma juya fitilar caji ta fuskanci bango, da a sayi tabarau mai farin gilashi.

Duk waɗannan da aka lissafa suna faɗa ne da minti goman nan. Awa ukun kuwa ba a nan gizo yake saƙa ba. Abin da ya riƙe ɗan yayata har ƙarfe ɗaya ba launin haske ba ne. Gajerun bidiyo ne da ba su da ƙarshe, da muhawarar ƙwallo bayan an tashi wasan Turai wajen ƙarfe sha ɗaya, da kuma datar dare mai arha wadda sai tsakar dare take fara aiki, ga shi kuma idan ba a cinye ta kafin gari ya waye ba ta tafi. Ga mata da yawa kuma littattafan da ake sakin su babi-babi a zaurukan WhatsApp ne, kowane babi ya tsaya a inda zuciya ba za ta haƙura ba. Wani bincike da aka wallafa a 2025 a kan ɗalibai sama da 45,000 a Norway ya sami alaƙa tsakanin kowace awa ɗaya ta kallon na'ura a kan gado da raguwar barci da minti 24, da kuma ƙaruwar yiwuwar alamun rashin barci da kashi 59 cikin ɗari, kuma nau'in abin da ake kallo bai canza lissafin sosai ba. Lokacin da wayar ta cinye shi ne babbar asarar. Mu kuma muna da wata iyaka da ba ta matsawa: Asuba tana shiga wajen ƙarfe biyar. Babba yana bukatar aƙalla awa bakwai, wanda ke nufin mai tashi da Asuba ya kamata ya kwanta wajen ƙarfe goma. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya, awa huɗu ya samu, kuma babu wani launi da zai cike masa sauran. Ba banza ba ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i da kuma hira bayanta.

Shi ya sa a wurina saitin da ya fi kowanne daraja a cikin waya shi ne wanda yake katse lokaci. A Android yana cikin Digital Wellbeing da sunan Bedtime mode. Idan lokacin da ka sa ya yi, sai ya rufe bakin sanarwa, ya kuma iya mayar da fuskar wayar baƙi da fari. Na gwada wannan na ƙarshen da kaina, kuma na ga yadda bidiyon da yake jan ido yake komawa lami idan aka cire masa launi, har hannu ya gaji da turawa. A iPhone akwai Sleep Focus da kuma Downtime a cikin Screen Time, wanda yake kulle manhajoji ban da waɗanda ka ware. A dukkan wayoyin ana iya yanka wa kowace manhaja iyakar mintunan da za ta ci a rana. Tsoron da mutane suke yi, kuma tsoro ne mai tushe a garin da ya san tashin hankalin dare, shi ne kada a neme su da gaggawa ba su ji ba. An tanadi maganin wannan: za ka iya ware lambobin iyaye da iyali su riƙa shigowa, za ka kuma iya barin duk wanda ya sake kira cikin minti 15 a Android, ko minti uku a iPhone, kiransa ya shigo. Raunin wannan hanya a fili yake, wato mai wayar yana iya kashe ta da taɓawa ɗaya. Tana taimakon wanda ya riga ya yi niyya ne, irin mutumin da yake shagala bai san dare ya yi nisa ba. Mai datar dare kuma ya jera abubuwan da yake son saukewa, ya kifa wayar ta yi aikinta, ya kalla da rana.

Sama da duka akwai raba wayar da gado. A sa ta caji a can nesa inda sai an tashi tsaye za a kai gare ta, wanda kuma yana da wata fa'ida da Asuba, domin wanda ya taka sanyin daɓen Jos ya je ya kashe ƙararrawa da wuya ya koma. Wanda ba ya iya barci shiru ya koma ga kunne: karatun Alƙur'ani, ko wa'azi, ko rediyo, a sa lokacin da zai tsaya da kansa, a kifa fuskar wayar. Ga yara kuwa ban ga wata hanya da ta kama ƙafar wannan ba. Idon yaro ya fi na babba barin haske ya wuce, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Colorado a kan yara 'yan ƙasa da shekara shida sun nuna melatonin ɗinsu yana faɗuwa ƙwarai da hasken dare. Uwar da take miƙa wa yaro waya don ya yi shiru ya yi barci, ta sani cewa tana ƙara nisanta shi da barcin ne.

Ba kowa ne zai iya ajiye waya ƙarfe tara ba, kuma zaɓin ya danganta da halin mutum. Ɗalibin da littattafansa duk suna cikin waya ko kwamfuta, ya haɗa matatar shuɗi da rage haske, ya zauna a kan kujera maimakon gado, ya kuma yanka wa kansa lokacin tashi. Mai jego da take tashi shayarwa sau biyu ko uku a dare ita ta fi kowa bukatar Extra dim da fitila mai ɗumi, domin abin da take nema shi ne ta koma barci da wuri. Ma'aikaciyar jinya ko mai gadi da suke aikin dare lissafinsu a juye yake: suna bukatar haske a bakin aiki, duhu kuma idan sun dawo gida da safe, don haka labule mai kauri ya fi musu kowane saiti. A watan azumi, da ake tashi sahur kuma ake tsayuwar dare a goman ƙarshe, ɗan lokacin da ke tsakanin tarawihi da sahur ya yi tsada da yawa a ba wa waya shi. Wanda kuma yake kasa barci dare uku a mako har tsawon wata uku, ko da ya ajiye wayar, wannan ya wuce batun saiti, likita ya kamata ya gani. Kada kuma a manta da shayi mai kauri da goro bayan Magariba, domin rabin sinadarin hana barcin da ke cikinsu yana nan a jiki bayan kimanin awa biyar.

Saura abu ɗaya da ba ya cikin waya, amma yana canza nauyin duk abin da aka faɗa. Agogon jiki yana kwatanta dare ne da rana. Idan ranar mutum ta yi haske sosai, ɗan hasken dare ba ya ruɗa shi da yawa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka sa mutane suka shafe awa shida da rabi a cikin haske mai ƙarfi, sannan da dare suka yi karatun awa biyu a na'ura, kuma ba a ga bambanci a barcinsu ko melatonin ɗinsu da na daren littafin takarda ba. Wanda ya fi shiga haɗari ke nan shi ne mai yini a rufaffen shago a Terminus ko a ofis mai labule, ya fito bayan Magariba, sannan ya kwana da waya a fuska. Ko a ranar da hazon hunturu ya rufe duwatsun Jos, hasken waje ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa.

Abin da muka daidaita a kai da ɗan yayata shi ne ya bar matatarsa a kunne tunda yana jin daɗinta, ya ƙara da Bedtime mode daga ƙarfe goma, wayar kuma ta riƙa kwana a kan taga. Da safe kafin ya kama hanyar makaranta yakan ɗauko kofin kununsa ya fito ƙofar gida, ya zauna minti ashirin a gefen kakansa da sauran dattawan layinmu, waɗanda tun muna yara a jikin wannan katanga ta gabas suke shan hantsi.